Bijimin da Ya Sauka Daga Kwaja da Baya

Laraba, 1 ga Oktoba, 1986

Baba Vandi, mahaifin Ƙauna, ya yanke magana jiya a gidansa na Bahuli. Asabar, takwas ga Nuwamba, in kawo bijimin sadaki. In ban kawo ba, Ƙauna za ta bi gwaggonta Kaduna bayan girbi. Ya ce shekara uku 'yarsa na jiran bijimin da ba wanda ya taɓa gani. "Elkana, ya shigo gidana da ƙafa huɗu na shi. Nama ba na karɓa, ni ba mahauci ba." Ƙauna na bayan zana tana ɓarar gyaɗa. Na ji ɓarar ta tsaya.

Na ce to, Baba. Me zan ce.

Sa kam yana nan. Gwamna. Tun yana ɗan maraƙi Babana ya sa shi a ɗakin sa irin namu na kan dutse: ƙasa a haƙe kamar rami, 'yar taga ta zuba ciyawa, ƙofa kuwa ya fi ƙarfinta tun bara. Sai an fasa bango zai fito. Ni na raɗa masa sunan, don yana zaune ana kawo masa. Bai san tafiya ba. A ƙafa, kofatonsa zai tsage kafin mu gama sauka daga ƙauyenmu Kwaja. Sai mota. Kuma na san abin da mota ke yi wa shanu, tunda aikina ke nan.

Alhamis, 2 ga Oktoba

A hanya, mun wuce Numan. Oga Ɗahiru na tuƙi, ni ina saman bodi kan katakon da aka gitta, da sanda da igiya, ina tsaron shanun da muka ɗauko daga kara, kasuwar shanun Mubi. Wadda ta faɗi, in ban tashe ta da wuri ba, 'yan'uwanta su tattake ta.

Yau ban iya kallon shanu kawai ba. Gwamna nake gani a cikin kowace.

Gorar ruwana na rataye a katako, kamar kullum. Na daɗe ina ganin abin da take yi, ban taɓa sa shi a rai ba sai yau. In mota za ta tashi, gora ta karkata baya. In an taka birki, ta yi gaba. A kwana, ta fita gefe. Amma a miƙaƙƙen titi, Oga ya ba mota wuta har iska na cire min hula, gora tana tsaye cak kamar a ɗaki. Shanun ma haka. Har tuƙa suke yi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Da muka tsaya cin abinci na ce wa Oga, ba gudu ke ka da shanu ba.

Ya ce, "To mene ne, Ango? Aljanu?"

Na ce canjin gudun ne. Ƙarawa, ragewa, juyawa. Ya ce ashe ɗan dutse ya zama malami, a ba shi alli. Ya ce shi shekara ashirin yana jan gingimari, gudu ne ke kisa. Na ce, to Oga, a ina ƙwaurin baƙar saniyar nan ya karye wancan watan? Ya ci gaba da suɗe hannu. A bakin shingen 'yan sanda ne, muna tafiya kamar ta jaki, ya danna birki lokaci guda.

Ya ce zai aro a-kori-kurar ƙanensa mai bodin katako, gingimari ba za ta hau Kwaja ba. "Amma cinya tawa ce ranar biki."

Talata, 7 ga Oktoba

Na dawo. Ban iya zama ba. Na je unguwar Lokuwa a Mubi na sake duba ɗakin da zan kama mana. Tagarsa na kallon bangon wani. Ba komai. Na gaji da dutse, na gaji da ɗaukar ruwa a kafaɗa, na gaji da shirun gidanmu tun rasuwar Mama.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Kwaja. Bayan coci na gaya wa Baba ranar. Ya ɗauki lauje ya fita. Ya dawo da ciyawa, ya zuba ta taga, ya tsaya yana magana da Gwamna ƙasa-ƙasa da yarenmu. Abin da yake gaya wa san nan a rana ɗaya ya fi abin da yake gaya min a wata.

Da la'asar ya ce, a bar wa Gwamna bayan motar duka shi kaɗai, a shimfiɗa ciyawa, kada a matse shi. "Ya matsu ya isa."

Na ce Baba, fili ne ke kashe su. Motar da aka cika tam, kowace saniya jikin 'yar'uwarta ke tare ta, ba ta da inda za ta. Wadda aka tausaya wa aka ba ta fili, in an taka birki motar ce ke tsayawa, ita ba ta tsaya ba. Tafiya take ci gaba da yi har sai katako ya tare ta. Ya dube ni kamar na zagi wani.

Laraba, 15 ga Oktoba

Lodi. Mun tashi da yamma.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Wani abu ya dame ni tun jiya. A wata gangara kafin Makurɗi taya ta yi faci, muka tsaya, aka sa duwatsu. Mota a tsaye, ba motsi. Na ɗaga kai, gora a karkace gaba, kamar ana taka birki. Shanu duk sun jingina gaba, na gaban sai nishi suke.

Wato gangara birki ce da ba ta ƙarewa. Saniya ba ta san bambancinsu ba. Ni ma in na rufe ido ban sani ba.

Da aka gyara, Oga ya cire giya ya sake motar don ya huta da mai. Abin mamaki, gora ta dawo daidai tsakiyar bodi, shanu suka miƙe suka sarara, alhali gudu sai ƙaruwa yake kowane numfashi. Daɗi a sama. A ƙasa kuwa da ya zo rage gudun da ya tara, gora ta kusa bugun katako, biyu suka durƙusa.

Hanyar Kwaja gangara ce tun daga ƙofar gidanmu. Gangara a kan birki, birki a kan gangara. A kan gwiwoyin Gwamna da ba su taɓa ɗaukar komai ba sai tsayuwa.

Ban ci tuwo ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na ga Ƙauna a kasuwa, ta kawo gyaɗa da ƙanenta Kwaji, wanda ke sakandare. Na yi ta zuba mata zancen gora. Ta bari na gama.

"In ya faɗi ka tashe shi mana. Ba aikinka ba ne?"

Na ce mai nauyin Gwamna in ya faɗi a mota ba ya tashi, sai wuƙa.

Ta ce, "Gwaggo ta riga ta saya min akwati. Ja. Ban buɗe ba." Sai kuma ta ce, wa zai riƙa dafa wa Baba in mun zauna Lokuwa? Na ce ya iya dafawa. Ta ce, "Uhm." Wannan uhm ɗin nata.

Kwaji ne ya ji daɗin zancen. Ya ce suna yinsa a aji, har da suna, ya faɗa da Turanci ban riƙe ba. Ya ce duk abin da ke tafiya so yake ya ci gaba da tafiyarsa, sai an tilasta masa. Wannan na sani. Amma ya ƙara min wanda ban sani ba. Ya jefo min ƙwai daga kwandon mai shayi, na cafe, hannuna ya ja baya da kansa. Ya ce, "Ka gani, Yaya? Tsayawa ɗaya ce. Bango na tsayar da shi nan take, ya fashe. Hannunka ya ja tsayawar ta yi tsawo." Mai shayi ya ce in za mu yi makaranta mu yi da ƙwan gidanmu.

Buhunan ƙaiƙayi. Tun a wurin na gani. Abin da zai lotsa a hankali.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na bi gida-gida ina roƙon ƙaiƙayin dawa. Mata na dariya, wai ango zai kai wa surukai ƙaiƙayi. Na cika buhuna, na jere a zaure. Na kwance, na sake cikawa don wasu sun yi tauri. Hannuna ba ya son zama.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na gaya wa Oga ba zan bi wannan lodin ba sai bayan takwas ga Nuwamba. Ya ce dama tun da aka sa rana jikina kawai ke hawa mota.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Mun fasa bango.

Baba ne ya fara sara. Ƙura ta lafa, Gwamna na tsaye a ramin yana ƙifta ido, bai san me ake nufi da wannan hasken ba. Tozo kamar tulu. Sai da Baba ya shiga ya dafa goshinsa, ya riƙa ja da baya yana kiransa, sannan Gwamna ya hau gangaren da muka cike masa. Ƙafafunsa na rawa.

Na gwada abin da nake tsoro. Akwai 'yar gangara bayan rumbu. Da muka juya kansa ƙasa, gwiwoyin gaba suka lanƙwashe, ya kusa kifawa da hanci. Da muka juya shi yana kallon sama, gindi a ƙasa, ya kafe ƙafafun baya ya tsaya daram. Ƙarfinsa a baya yake.

To shi ke nan. A mota gindinsa zai jingina da buhuna a bayan kan mota, fuskarsa na kallon baya. In gangara ta ja shi, in birki ya tura shi, zama zai yi a kan ƙaiƙayi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Baba ya ƙi.

A gidanmu, in ji shi, san aure ba ya fita yana kallon gida. In ya waiwaya, amarya ma za ta waiwaya, ba za ta zauna ba. Haka aka fitar da na Mama, haka na kakata.

Na ce Baba, su da ƙafa suka tafi. Na ce, kai da ba ka fashin coci.

Ya ce, "Ni ina zuwa. Gwamna ba ya zuwa."

Na ɗaga murya. Ban taɓa ba. Na ce in ya kalli gaba zai mutu a gangarar farko, in ya mutu ba amaryar da za ta zo balle ta waiwaya. Ya ce sa nasa ne har ya miƙa igiya. Gaskiya ne. Ni na sayi maraƙin, amma shi ya yanka masa ciyawa kowace safiya, damina da rani, ina can saman gingimari.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na sauka Mubi wurin Oga. Ya ce abu mai sauƙi: a juya san yadda nake so, shi kuma ya sauko da motar da baya-baya. Sa na kallon hanya, tsoho ya huta. Na yi murna har na kai bakin tasha. A nan na tsaya. In motar ta juya, san ma ya juya, kansa ya koma ƙasa, gwiwoyin nan dai. Gangara ba ta san ina ne gaban mota ba. Na koma na gaya masa. Ya zana a ƙasa da tsinke, ya goge, ya sake zanawa.

"Kai da gorarka kun hana mutum wayo."

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ni da Baba ba mu yi magana ba. Na zaga gida, na zaga gona, na sake ɗaure buhunan da ke ɗaure. Jan akwati.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Da hantsi na sami Baba a gindin tsamiya tare da Gwamna. Ya matsa hagu, san ya juya kai hagu. Ya matsa dama, ya bi shi. Ya yi haka ban san sau nawa ba, kamar mai gwada wani abu. Bai san ina kallo ba, ko ya sani.

Da rana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Juya shi yadda kake so. Zan tsaya a ƙofar bodi. Ba gida zai kalla ba, ni zai kalla."

Baba bai taɓa hawa bayan mota ba. Na ce to.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Bari in rubuta tun ban manta yadda ya bi ba.

Jiya mun yi lodi da sassafe daga tudun bayan coci. Gindin Gwamna a cikin buhuna, buhuna a haƙarƙarinsa hagu da dama, igiya a ƙirji. Na rataya gora a katakon sama, na hau kusa da ita inda zan iya buga wa Oga rufi. Mun shirya: giya ta ɗaya tun daga sama, kada ya bar ta ta tara gudun da zai zo yana ragewa. Baba a ƙofar baya, cikin rigarsa ta coci, hannu ɗaya a katako, ɗaya a hancin san.

Muka fara sauka. Gora ta karkata gaba ta tsaya a nan, ba ta lilo. Gwamna ya jingina, ƙaiƙayi ya yi ƙara, ya karɓe shi. Idonsa a kan Baba. Gidanmu na bayan kafaɗar Baba yana ƙanƙancewa, san bai ko ɗaga kai ba. Baba na ta yi masa magana. A kowace kwana ina kallon gora ta fita gefe ta dawo. Na fara jin numfashina.

A gangara ta ƙarshe, wadda ke faɗawa mayo, wato rafi, bayan kwanar da dutse ya rufe, jakuna uku da dammunan dawa a tsakiyar hanya, da wata tsohuwa a bayansu. Oga ba shi da zaɓi. Ya danna.

Gora ta bugi katako. Gwamna ya zauna cikin buhuna kamar mai zama a kujera, ɗaya ya fashe, ƙaiƙayi ya tashi. Daidai yadda na lissafa.

Baba ne ya ci gaba da tafiya.

Na ɗaure sa, na ɗaure buhuna, har gora na ɗaure. Wata guda ina gaya wa kowa cewa abin da aka ba fili ba ya tsayawa don mota ta tsaya. Shi kaɗai ne a motar nan yake da fili a gabansa, kuma abin da ke ƙarshen filin ƙaho ne.

Hannunsa ya suɓuce. Ya tafi da ƙirji. Na ga rigar ta shiga tsakanin ƙahonin.

Da na diro, yana kwance a kan goshin san, ƙaho ɗaya ta ƙarƙashin hammatarsa, ɗayan ya yage riga ya yanki haƙarƙari. Kowane bijimin da na sani zai girgiza kai a nan. Girgiza ɗaya ta isa. Gwamna bai motsa ba. Ya riƙe wuyansa ƙam, yana huci ta gefen cikin Baba, har na zare shi.

Oga ya zagayo yana salati. Tsohuwar na ta ba da haƙuri. Na ce mu wuce asibiti. Baba ya dafe gefensa, ya ce da Hausa don Oga ya ji, "Direba, ja mota. Ana jira." Wannan karon da rawanin Oga na ɗaure shi a katako ta ƙugu. Ya bari.

Bahuli kafin azahar. Muka ja da baya zuwa wani tudu, aka buɗe. Gwamna ya tsaya yana rawa, ya ƙi. Baba ya sauka, ya tsaya a gabansa, ya riƙa ja da baya. Taku, taku, har cikin gidan Baba Vandi. Mata suka yi guɗa. Ban nemi Ƙauna da ido ba, amma na san ta wace kafar zana take kallo.

Baba Vandi ya zaga shi, ya daddaɓa tozo. "Ƙafa huɗu. Na gani." Sai ya ga jinin a rigar Baba. "Ya'akubu, kai ne ka zo da biyu da ƙyar." Ya sa aka kawo kujera.

Baba bai zauna ba sai da ya miƙa igiya. Ya riƙe ta ɗan lokaci bayan Baba Vandi ya kama. Ya ce, "Ba ya shan ruwan sanyi da safe. A bar shi ya sha rana tukuna."

Litinin, 10 ga Nuwamba

Haƙarƙarin Baba biyu sun tsage, an ɗinke yankan. A asibiti sun ce kada ya ɗauki kaya. An sa biki bayan Kirsimeti. Kwaji ya ce an mayar wa gwaggo akwatinta.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ban bi lodi ba. Wa zai ɗebo ruwa.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Oga ya aiko a tambaye ni ko na mutu. Na ce a gaya masa mako mai zuwa, wataƙila. Mai ɗakin Lokuwa ma ya aiko. Na ce in ya sami wani ya ba shi, ɗakuna ba sa ƙarewa a Mubi.

Shekaranjiya da safe na ga Baba ya dawo da 'yar ciyawa a hannu, duk da an hana shi. Ya je har bakin tagar ɗakin Gwamna. Ya tsaya. Sai ya zuba wa awaki.

Yau na kwaɓa ƙasa. Bangon nan ba zai zauna a fashe ba, macizai za su samu wuri. Baba na kan kujera yana cewa na cika ruwa, na rage, na yi sauri. Ya yi magana yau har ya gaji. Gorata na rataye a azarar ɗakin, inda na sa ta don in riƙa sha. Duk wunin nan ban ɗaga kai na duba ta ba sai yanzu.

Ƙauna ta aiko Kwaji ya tambaya ko rijiyarmu na ƙafewa da rani. Na ce ba ta ƙafewa.

Ƙofar na bar ta ƙarama, daidai shigar ɗan maraƙi. Haka dai aka saba ginawa.